Kayan kariya na lab ɗin makaranta: wanne ya kamata a fara saya?

Malamai da masu makaranta, in kuɗin da aka ware wa ɗakin gwaje-gwaje ba su da yawa, don Allah a fara da ido. Ƙunar hannu tana warkewa, riga in ta lalace a sayi wata, amma ido in sinadari ya cinye shi, to shi ke nan.

Tabaran kariya iri biyu ne ake yawan gani kuma mutane na ɗauka duk ɗaya ne. Akwai mai kama da tabaran da muka saba, mai hannu biyu da ake maƙalawa a kunne, wannan aikinsa tare ɓarɓashin kwalba ko wani abu da ya yi tsalle, amma sama da ƙasa da gefe duk a buɗe suke, in asid ya fantsama a goshi gangarowa zai yi ya shiga ido. Na biyun shi ne mai igiyar roba da ke manne wa fuska ruf, shi ne na aikin kemistiri. Shi ma a duba ramukan iskarsa, in a buɗe suke kana hango waje ta ciki to na ƙura ne da aikin katako, a nemi wanda ramukansa ke da 'yar murfi, iska ta shiga ruwa bai shiga ba. Alamar na jikinsa: in na Amurka ne za a ga Z87 tare da D3, in na Turai ne EN 166 da lamba 3. Wanda ba shi da rubutu ko ɗaya ni dai ba zan sa wa yaro ba komai arharsa. A kuma zaɓi wanda ba ya yin hazo, don da zarar yaro ya daina gani zai ɗaga shi ya ɗora a goshi, kuma a lokacin ne tsautsayi ke zuwa. Kowane ɗalibi da nasa, ba a ce mutum biyar su riƙa karɓa-karɓa ba.

Bayan tabarau sai ruwan wanke ido. Ana sayar da ƙananan kwalabe na matsawa, suna da kyau a matsayin taimakon farko kafin a kai ga famfo, amma ƙa'ida ita ce a yi ta kwarara ruwa aƙalla minti 15, kwalba ɗaya kuwa ba ta kai ko kusa. Famfo mai tiyo mai laushi a cikin ɗakin, inda yaro zai kai cikin daƙiƙa 10 ko idonsa a rufe, ya fi kwalabe goma. Kuma kar a ce asid kaɗai ake tsoro, sodiyam haidroksaid, wato sodar da ake yin sabulu da ita, ya fi shi mugunta a ido, saboda yana ci gaba da ratsawa ciki.

Rigar lab kuma, auduga ko polista? Polista ta fi arha, ba ta yamutsewa, shi ya sa ake rububinta, amma in wuta ta kama ta narkewa take ta manne da fata. A Disamban 2008 wata matashiya mai aikin bincike a jami'ar UCLA da ke Amurka ta ƙone lokacin da wani sinadari ya kama da wuta a hannunta, ba ta sa rigar lab ba, suwaitar jikinta ta roba ce, ta rasu a Janairun 2009. Auduga ma tana cin wuta fa, sai dai ba ta narkewa. A sayi mai dogon hannu, mai maɓallin ƙarfe da ake fizgewa lokaci ɗaya. Masu hijabi ko mayafi su tura shi cikin rigar, shi ma in da hali na auduga.

Safar hannu ba sai an daɗe a kai ba. Robar da ake yin ta da ita iri-iri ce: latas tana jawo wa wasu ƙaiƙayi da borin jini, binil saurin yagewa gare ta, naitiril ta fi dacewa da makaranta. Amma ita ma sinadarin asiton na ratsa ta, kuma babu wadda ake ɗaukar abu mai zafi da ita, wannan aikin awartaki ne.

Sai tukunyar kashe gobara. Ta ruwa ba ta da wuri kusa da lantarki ko giyar gwaji irin su etanol. Ta iskar CO2 ba ta ɓata kayan aiki, ta gari mai alamar ABC ta fi kashe wuta iri-iri amma tana turnuƙe ɗaki. In ɗaya za a iya saya a ɗauki ta gari, a haɗa da bargon kashe wuta. In kuma ana gwaji da magneziyam ko sodiyam, dole a ajiye bokitin busasshen yashi, don ruwa ƙara wa irin wannan wutar ƙarfi yake, CO2 ma ba ta kashe ta.

Kwalaben da za a ɗora a wuta a tabbata an rubuta borosilicate a jikinsu, kwalbar banza fashewa take in zafi ya canza farat ɗaya. A kuma haɗa da robar zuƙo ruwa ta fifet, wato siririn bututun da ake awon ruwan sinadari da shi, kar a bar yaro ya ja da baki.