Gargaɗi ga masu gini a Garwa da kewaye kan damfarar masu haɗa silin da allon filako

Assalamu alaikum. Ina rubuta wannan gargaɗi ne ga 'yan uwa masu gini a Garwa da Marwa da Ngaundere, da duk wanda ke shirin rufe silin ko raba ɗaki da allon jifsom wanda magina suke kira filako, domin abin da ya faru a gidana ya kusa zama sanadin rayukan yara biyu. Ba zan ambaci sunan mutumin da ya cuce ni ba, saboda maganar tana hannun hukuma, kuma daga baya na gane cewa sunan da ya ba ni ma ba nasa ba ne. Abin da zai amfane ku shi ne ku san yadda damfarar take tafiya.

Na fara ganin tallarsa ne a Facebook, inda ya jera hotunan falo masu kyau da fitilu a cikin silin, yana cewa duk aikin hannunsa ne. Muka koma WhatsApp, washegari ya zo gidan da nake ginawa a wajen unguwar Yelwa da mitarsa a hannu, ya auna ɗakuna cikin natsuwa, yana magana da ladabi kamar ɗan gida. Farashin da ya yanka ya yi ƙasa da na sauran ma'aikata biyu da na tuntuɓa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Da na tambaye shi dalili sai ya ce: "Alhaji, kai kamar uba ne a wurina, ba zan ci riba a kanka ba. Kayana na kaina ne, sun taso daga Duwala, jirgin ƙasa ya sauke su a Ngaundere, kuɗin motar da za ta kawo su Garwa kawai nake nema." Maganar ta shige ni domin kowa ya san ta wannan hanya ce kayan gini da yawa suke iso mana. Muka daidaita a kan sefa 1,400,000, na tura masa 900,000 ta waya a matsayin kafin alƙalami, zuwa wata lamba mai ɗauke da wani suna daban, wadda ya ce ta ƙaninsa ce. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa, amma a ranar ban tsaya na yi wa arahar tambayar da ta dace ba.

Abin da ya sa wannan damfara ta fi ta wanda ke karɓar kuɗi ya gudu haɗari shi ne, mutumin bai gudu ba. Ya kawo kaya, ya kawo yara uku, ya yi aikin. Sai dai duk lokacin da na ce zan leƙo, yakan ce ƙura ta yi yawa, in bari sai sun share, kuma ranar da na zo ba tare da sanarwa ba na tarar an riga an rufe ɗakuna uku an shafe su da farin fenti. Cikin kwana 9 aka gama komai. Silin ya fito sumul, maƙwabta suna shigowa suna yaba wa, ni kuma na cika masa ragowar kuɗinsa har da tukuici.

Da damina ta kankama, a cikin watan Agusta, sai maiɗakina ta lura tsakiyar silin ɗakin yara ya ɗan yi ciki, kuma wani siririn layi ya tsage daga bango zuwa bango. Na kira lambarsa, ya ce zai zo ranar Asabar. Daren Alhamis bayan sallar isha'i, yara suna tsakar gida suna cin abinci, muka ji ƙara kamar an jefo buhuna daga saman mota. Da muka shiga da fitila, rabin silin yana kan katifarsu, farar ƙura ta cika ɗakin har ba a ganin taga, fanka tana lilo a jikin wayar wuta kaɗai, kuma daga katakon rufi wasu guntayen wayar ɗaure rodi suna reto da tsatsa a jikinsu. Da abin ya jinkirta da rabin sa'a, da a kansu ya sauka. Daga wannan dare lambarsa ba ta sake shiga ba.

Na ɗauko wani dattijo da ya daɗe yana aikin filako da na sitaf, wato adon silin da ake yi da filasta, a garin nan, ya hau tsani ya leƙa saman sauran ɗakunan, ya sauko ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya zaunar da ni ya yi mini bayanin da nake so kowane mai gini ya riƙe. Allon da aka saba rufe silin da shi, wanda ake kira BA13, kaurinsa milimita 12.5 ne, faɗinsa mita 1.20, kuma kowace murabba'in mita tana da nauyin kilo 9 ko sama da haka kaɗan. Ɗakin yarana mita 4 ne a kan mita 5, ke nan da irin wannan allo abin da zai rataya bisa kansu zai kai kilo 180, fiye da buhu uku da rabi na siminti. Wannan nauyi ba allon ke riƙe kansa ba, ƙarafan da ke ɓoye a bayansa ne suke ɗauke da shi. A ƙa'ida ana jera sandunan ƙarfe da ba su wuce tazarar santimita 60 tsakaninsu ba, kowace sanda kuma ana rataye ta da marataya na ƙarfe da ake ɗaurawa a katakon rufi ko a kankare bisa tazarar da ba ta wuce mita 1.20 ba, sannan a ɗaure allon a jikin sandunan da sukuru, kowane santimita 30 ko ƙasa da haka. Ɗaki irin wannan yana bukatar marataya kusan 30. Dattijon ya ƙirga 11, kuma bakwai daga cikinsu wayar rodi ce aka murɗa a jikin ƙusa.

Ya ɗauki guntun sandar da ta faɗo ya lanƙwasa ta da yatsu biyu a gabana, ya ce: "Alhaji, wannan ai gwangwanin madara ne. Na kirki kaurinsa ya kai milimita 0.6, kuma an rufe shi da tutiya don kada ya yi tsatsa." Sandunan an jera su da tazarar kusan mita guda, sukuru kuwa an warwatsa su nesa da juna, wasu an murɗa su har sun fasa takardar da ke fuskar allon, alhali takardar nan ita ce ke hana kan sukuru zarcewa cikin jifsom. A wurin haɗin alluna ba a sa zaren takarda da ake binnewa cikin filasta ba, an cike ramin ne kawai aka shafe, shi ya sa tsagewar ta bi layin haɗin tiryan-tiryan.

Ha'incin bai tsaya a ƙarfe ba. Da muka auna allon da ya karye, kaurinsa milimita 9.5 ne, ba 12.5 da na biya ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na banɗaki da kicin. Allon da ke jure danshi takardarsa koriya ce tun daga masana'anta, kamar yadda mai jure wuta yake da launin ruwan hoda, kuma na gani da idona an shigo da alluna koraye. Ashe na gama-gari ne aka bi fuskarsu da koren fenti mai ruwa-ruwa, domin da aka kankare da wuƙa sai ga farar takarda ta bayyana, bayan allon kuma babu rubutun masana'anta da ke nuna nau'insa. Jifsom na gama-gari idan ya sha danshi yakan yi laushi ya ƙara nauyi, saboda haka ɗan yoyon da kwano ya yi a daminar ya isa ya ƙarasa abin da raunin marataya ya fara. Kyan ɗan maciji ke nan aka yi mini, waje sumul, ciki ajali.

Bayan labarin ya bazu a masallacin unguwa, mutum biyu sun same ni da irin wannan kuka, kuma kamannin da suka siffanta da labarin kaya a Ngaundere duk iri ɗaya ne, suna ne kawai ya bambanta. Ɗaya an raba masa shago da bango wanda ginshiƙansa na ƙarfe suka yi nisa da juna, aka kuma dasa allon kai tsaye a ƙasa ba tare da barin tazarar santimita guda da ke hana shi tsotsar ruwan wanke daɓe ba, yanzu gindin bangon ya ruɓe. Na biyun an lulluɓe masa fuskar shago ta waje da allon cikin ɗaki a matsayin allon siminti mai zare, wanda shi ne ake sawa a waje, kuma har an yi masa tayin shimfiɗa irinsa a daɓen bene na katako. Allah ya taimake shi bai amince ba, domin filako na gama-gari ba a yi shi don a taka ba.

Saboda haka ina roƙon duk wanda zai ba da irin wannan aiki ya sa sharaɗi tun farko, a rubuce, cewa ba za a ɗaura allo ko ɗaya ba sai ya zo ya ga ƙarafan a tsirara, ya sa mita ya auna tazararsu, ya ƙirga marataya, ya kama sanda ya jijjiga ta da hannunsa, sannan ya ɗauki hoto. Wannan sa'a guda ita ce kaɗai damar da kake da ita, domin da zarar an rufe an yi fenti, ko injiniya ba zai gane abin da ke ciki ba sai ya fasa. Ma'aikacin kirki ba ya jin haushin wannan sharaɗi, shi da kansa yake kiran mai gida ya zo ya duba. Ya fi aminci ka je shago da kanka ku sayi kayan tare, ka karanta rubutun da ke bayan allo da gefensa, ka riƙe rasit, ka biya kuɗin aiki kashi-kashi bisa abin da aka kammala. A takardar yarjejeniya a rubuta kaurin allo da na ƙarfe da tazarar marataya da lambobi, a haɗa da kwafin katin shaidarsa na ɗan ƙasa, kuma kada ka tura kuɗi zuwa lambar da sunanta ya saɓa da na katin. Hotuna a waya ba shaida ba ne, domin na gano cewa waɗanda macucin nan ya nuna mini daga shafukan wasu ya kwaso su. Ka ce wa ma'aikacin ya kai ka gidan da ya yi aiki wanda ya ga damina aƙalla ɗaya, ka gaisa da mai gidan. Fanka da manyan fitilu kuma a ɗaure su a katakon rufi ko kankare, kada a yarda a rataye su a jikin allo.

Na shigar da ƙara a wurin jandarma, tare da shaidar tura kuɗi da saƙonninmu na WhatsApp da guntayen allo da ƙarfe, kuma sashe na 318 na dokar hukunta laifuka ta Kamaru ya tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 ga wanda aka samu da laifin zamba. Duk wanda irin wannan ya faɗa wa, ina roƙonsa kada kunya ta sa ya yi shiru, ya adana tarkacen kada ya zubar, ya je ya ba da bayaninsa domin ƙararrakin su haɗu. Wanda kuma aka yi masa silin cikin 'yan watannin nan bai ga ƙarafansa ba, ya sa a buɗe ƙaramar ƙofa a kusurwa a leƙa tun kafin ruwan sama ya dawo, musamman a ɗakin da yara ke kwana. A gidana mun sauke silin na ɗakuna huɗu gaba ɗaya, muna kwana a ƙarƙashin kwano tsirara, kuma dattijon ya ce sai an fara toshe yoyon rufin kafin ya ɗaura marataya ta farko.