Manhajar Aqua Map a idon mai tuƙa jirgi mai shan ruwa ƙafa 7

Jirgin filafilan da nake tuƙawa an ƙera shi ne domin tsakiyar teku, kuma daga fuskar ruwa zuwa ƙarshen ƙarfen da ke ƙasansa akwai ƙafa 7, wato mita 2 da ɗan ɗori. Wannan nitso da ke hana shi tangal-tangal a cikin manyan igiyoyi shi ne kuma yake zama abin fargaba da zarar an shiga hanyar ruwa ta cikin gaɓar gabashin Amurka, wadda ake kira Intracoastal Waterway. Hanyar ta faro daga Norfolk a jihar Bajiniya, inda ake ƙirga mil na farko, ta gangara har Miyami, tafiyar kusan mil 1,090. A takarda, zurfinta ƙafa 12 ne daga Norfolk zuwa Fort Pierce, sannan ƙafa 10 daga nan zuwa Miyami, amma duk wanda ya taɓa bin ta ya san cewa yashi da laka sun cike wurare da dama, kuma ba kowace shekara ake samun kuɗin yasa ba.

A tafiyata ta farko, da tsohuwar taswirar da ke cikin na'urar jirgin na dogara, sai da na kafe a kan tudun yashi kusa da wata mashigar teku a Karolina ta Arewa, na yi sa'a biyu ina jiran ruwa ya dawo. Kafin tafiya ta biyu na saka Aqua Map, manhajar taswirar hanyoyin ruwa, a kwamfutar hannu, na biya kuɗin matakin da suke kira Master, kuma dalili ɗaya ne ya sa na biya: shi ne yake ɗora sakamakon awon zurfi na sashen injiniyoyin sojan ƙasa na Amurka a kan taswira. Wannan sashe ne ke da alhakin kula da hanyar, jiragensa na bi suna auna ƙasan ruwa, musamman a wuraren da aka san suna cikewa. Manhajar tana nuna awon da launuka, ja inda babu zurfi, shuɗi inda ruwa ya wadata, da lambobi a tsakani, ta yadda mutum zai ga siririn kwarin da ya rage yana karkacewa a cikin faɗin ruwan da a ido duk iri ɗaya ne.

Amfanin wannan ya fi fitowa fili a mashigar Lockwoods Folly da ta Shallotte a Karolina ta Arewa, inda ruwan teku ke kwaso yashi ya zuba a tsakiyar hanya. A can, miƙewa sak daga wata alamar hanya da ke cikin ruwa zuwa wata kan kai jirgi kan tudu. Da daddare, bayan na jefa anga, nakan buɗe awon wurin da zan wuce gobe, in zana hanyata a kan launi mafi zurfi, in kuma rubuta lambobin alamun a takarda in manna kusa da sitiyari. Da safe kuwa ido ɗaya yana kan allo, ɗayan yana kan na'urar auna zurfi ta jirgin, kuma mafi yawan lokaci lambobin biyu sun yi daidai da juna idan an haɗa da tsayin cikar ruwa na lokacin.

Wannan haɗin shi ne abin da sabon shiga ya fi buƙatar fahimta. Lambobin awon suna nuna zurfi ne a lokacin da ruwa ya janye, saboda haka tambayar mai jirgi irin nawa ba ta tsaya kan inda zai bi ba, har da ƙarfe nawa zai isa wurin. Manhajar tana da tashoshin cikar ruwa da janyewarsa a kan taswira, taɓawa ɗaya ta isa a ga jadawalin ranar. A jihar Jojiya, inda bambancin cika da janyewa kan kai ƙafa 7 ko fiye, wannan lissafi shi ne tafiyar gaba ɗaya. Ranar da zan ratsa Little Mud River, awon ya nuna mini wasu wurare masu ƙafa 4 da ɗoriya, ni kuwa ina son ƙafa 8 domin a sami ƙafa guda tsakanin ƙarfen jirgi da laka. Ruwa yakan hau rabin tsayinsa a cikin sa'o'i uku na farko, don haka na jira sa'a uku da rabi bayan ƙarshen janyewa, na shiga yana kan hawa, domin ko na taɓa ƙasa zai ɗaga ni da kansa. Fadama ta rufe hagu da dama, ruwan ya yi kalar ƙasa, injin yana tafiya a hankali, lambar na'urar ta sauka zuwa takwas da ɗigo biyu, ta tsaya nan na ɗan lokaci, sannan ta fara hawa. Haka na yi a Hell Gate da Jekyll Creek, wasu wuraren marasa zurfi a Jojiya.

Akwai iyakar da ya kamata a sani. Kowane awo yana da ranar da aka yi shi, kuma wajibi ne a duba ta, domin guguwa ɗaya ta isa ta sauya bakin mashiga. Idan awon ya kwana biyu, aka kuma tarar an matsar da gangunan alama zuwa wani gefe, to gangunan ake bi, saboda masu gadin gaɓa suna matsar da su ne bisa abin da suka tarar a ruwa. Haka nan ba ko'ina ne aka auna ba. Wuraren jefa anga da ƙananan rafuka galibi sai an koma ga taswirar asali da bayanan matafiya, waɗanda manhajar take nunawa, amma kowa da irin jirginsa yake magana, kuma wanda jirginsa ke shan ƙafa 4 zai ce wuri yana da kyau alhali ni ba zan shige shi ba. A tafkunan Albemarle da Pamlico na Karolina ta Arewa kuma jadawalin cikar ruwa ba ya taimakawa sosai, domin iska ce ke tura ruwan can gefe guda, ta rage shi a ɗaya gefen.

Batun gadoji ma yana cikin lissafin. Yawancin gadojin da ba a buɗe su suna da sararin ƙafa 65 a lokacin cikar ruwa ta yau da kullum, ban da ta Julia Tuttle a Miyami mai ƙafa 56. Turken filafilaina da abin da ke kansa ya kai ƙafa 62, saboda haka ruwan da nake jira ya ɗaga ni daga laka shi ne kuma yake matso da ni kusa da gada, musamman a kwanakin tsayuwar wata da cikarsa. Taswirar tana ba da tsayin kowace gada, amma allon awon da ke jikin ƙafar gadar nake karantawa da tabaran hangen nesa kafin in shiga ƙarƙashinta.

Taswirorin suna sauka a cikin na'ura, suna aiki ko babu intanet, sai dai a tabbatar kwamfutar hannun tana da GPS nata, a kuma sama mata inuwa da wayar caji, domin rana tana dushe allo kuma batir ba ya kai yamma. Ƙararrawar manhajar, wadda ke kaɗawa idan anga ya ja jirgi ya bar wurinsa, ta tashe ni sau ɗaya a daidai lokacin da ruwa ya juya. Ga mai ƙaramin kwalekwale, matakin Master ƙari ne da zai iya rayuwa babu shi. Ga wanda jirginsa ke shan ƙafa 6 zuwa sama kuwa, ina ba da shawarar ya biya tun kafin ya bar Norfolk, kuma ni na riga na sabunta nawa domin komawa arewa a bazara.