Digital Wellbeing ko AppBlock: wanne zai raba ki da TikTok da daddare?

Assalamu alaikum. Wata 'yar uwa a cikinmu ta kawo tambaya: tana sayar da atamfa da leshi ta WhatsApp, wayarta Infinix ce, TikTok kuma yana cinye mata dare har takan makara sallar asuba. Da rana ma in ta ɗauki waya don ta amsa wa kwastoma, sai ta tsinci kanta cikin bidiyo. Tana so ta san wanne ya fi mata, abin taƙaita lokaci da ya zo a cikin wayar, ko ta sauke manhajar toshewa irin AppBlock.

Hajiya, bari in fara da wanda yake hannunki. Ki shiga Settings ki nemi Digital Wellbeing. Google ne ya fito da shi a 2018, kuma yawancin wayoyin Android na yanzu, har da Tecno da Infinix da Samsung, suna zuwa da shi. Kyauta ne, ba sai kin sauke komai ba, kuma da yake jikin wayar ne ba ya cin batir ɗin da za ki lura. Zai nuna miki awa nawa kika yi a kowace manhaja, sau nawa kika buɗe wayar, da yawan sanarwar da ta shigo. Wannan lissafin kaɗai yakan girgiza mutum, domin da wuya ka samu wanda hasashensa ya kai abin da wayar za ta nuna masa.

A cikinsa akwai abubuwa biyu da mutane ke haɗawa, alhali aikinsu daban ne. Na farko shi ne ƙayyade wa manhaja minti, misali ki ba TikTok minti 40 a rana. In sun ƙare sai tambarinsa ya dusashe, ya ƙi buɗuwa. To amma lissafin yana komawa sabo da ƙarfe 12 na dare, daidai lokacin da datar dare mai araha take aiki, kuma daidai lokacin da matsalarki take. Kin ga ke nan wanda damuwarsa ta dare ce, wannan ba zai yi masa magani ba, sai ma ya miƙa masa sabon minti 40 a tsakar dare. Na biyun, Focus mode, shi ne ya fi dacewa da ke. Za ki zaɓi manhajojin da ke ɗauke miki hankali, ki sa masa jadawali, misali daga ƙarfe 10 na dare zuwa 7 na safe, su kulle, sanarwarsu ma ta daina shigowa. Akwai kuma Bedtime mode da ke mayar da fuskar waya fari da baƙi, wanda yakan rage wa bidiyo armashi sosai.

Rauninsa ɗaya ne, amma babba. Babu abin da zai hana ki kashe shi. Focus mode da kansa yana tayin hutun minti 5 ko 15 ko 30, kuma goge iyakar minti taɓawa biyu ko uku ce. Wadda ta kafa dokar da safe tana cikin natsuwa, ita ce dai da ƙarfe ɗaya na dare take riƙe da ikon soke ta, idonta na kan bidiyo. An ba kura ajiyar nama ke nan. Ga wanda shigarsa TikTok mantuwa ce kawai, hannu ne ya saba kai wa tambarin, wannan ɗan tsaikon yakan isa ya dawo da shi hayyacinsa. Wanda kuwa abin ya kama shi da gaske, kwana kaɗan zai yi ya koyi hanyar kashewa.

AppBlock da ire-irensa, kamar StayFree da Freedom, sun zo ne don toshe wannan ɓarakar. A AppBlock kina iya kulle manhaja bisa lokaci, ko bisa yawan buɗewa a rana, ko bisa wurin da kike. Abin da ya bambanta shi da gaske shi ne Strict Mode. In kin kunna shi, ba za ki iya sassauta dokar ba, ba kuma za ki iya cire manhajar daga waya cikin sauƙi ba, har sai lokacin da kika ɗiba ya cika ko an sa lambar sirri. Lambar nan kuwa kina iya ba ƙanwarki ko maigida ko wata aminiya ta sa ba tare da kin gani ba. A ganina wannan shi ne ainihin bambancin da ke tsakaninsu, domin duka biyun suna iya rufe TikTok, amma a ɗaya kaɗai ake iya fitar da ikon buɗewa daga hannun mai wayar.

AppBlock da ire-irensa suna kuma rufe ƙofofin baya. Mutum in an rufe masa TikTok sai ya shiga shafinsa ta burauza, ko ya sauke TikTok Lite, ko ya koma gajerun bidiyon YouTube da Facebook, waɗanda duk abu guda ne da suna daban. Digital Wellbeing yana iya ƙayyade shafukan intanet a Chrome, amma in kika buɗe ta Opera Mini ko Phoenix sai dai ki rufe burauzar gaba ɗaya. Manhajojin toshewa suna rufe shafi da sunansa, wasunsu ma suna iya rufe sashen gajerun bidiyo kaɗai su bar sauran manhajar a buɗe.

Sai dai ƙarfin nan yana da farashi, kuma ina so ki san shi kafin ki sauke. Don su yi aiki sai kin ba su izinin Accessibility, wanda ke ba manhaja damar ganin abin da ke kan fuskar wayarki. Waya ce da kike shiga banki da ita, kike karɓar kuɗin kwastoma, don haka wannan ba ƙaramin izini ba ne. Ki sauke daga Play Store kawai. Kada ki karɓi wadda aka turo miki ta Xender ko a wani zaure da sunan an buɗe mata komai kyauta, domin ta irin wannan izinin ne manhajojin ɓarayi ke satar bayanan asusu. Shi ya sa ma daga Android 13 aka tsaurara ba da shi ga manhajar da ba daga shago aka sauke ta ba. Na biyu, mafi amfanin abubuwan da ke cikinsu sukan kasance na biya ne, wata-wata ko shekara-shekara, na kyautar kuma yana da iyaka. Na uku ya shafi wayarki kai tsaye: Infinix da Tecno da itel suna da tsarin tattalin batir da ke kashe manhajojin da ke aiki a bayan fage. In ya kashe mai toshewar, TikTok zai buɗe kamar ba a taɓa sa masa doka ba. Dole ki shiga saitin batir ki cire mata takunkumi, ki ba ta izinin tashi da kanta in an kunna waya. Da yawa da ke cewa manhajar ba ta aiki, a nan matsalar take.

Kada kuma a ɗauka toshewa mai tsauri tana kama kowa. A 2025 an wallafa wani bincike a mujallar kimiyya ta PNAS Nexus, inda mutum 467 suka amince a rufe musu intanet ɗin waya baki ɗaya na mako biyu da manhajar Freedom, aka bar musu kira da saƙon tes. An ga hankalinsu ya fi tsayawa kan abu guda, walwalarsu ta ƙaru. Amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai suka iya riƙe sharaɗin yadda aka so, duk da su suka kawo kansu. Abin da na fahimta daga nan shi ne dokar da ta yi nauyi da yawa yar da ita ake yi. Ke da sana'arki take kan waya, rufe komai ba naki ba ne.

Masu iPhone a cikinmu, naku ya fi sauƙi. Screen Time, abin taƙaita lokaci da ke zuwa a cikin iPhone, wanda shi ma ya fito a 2018, yana da lambar sirri mai lamba huɗu a jikinsa. Wani ya sa muku ita, ku kunna zaɓin da ke toshewa in lokaci ya ƙare, kun samu abin da mai Android ke nema a AppBlock ba tare da sauke komai ba. In kuwa wayar yaro ce ake magana, Family Link na Google aka yi don haka, iyaye ke sarrafa shi daga tasu wayar.

Ga abin da nake ba ki shawara, Hajiya. Ki fara da Digital Wellbeing na mako guda. Ki sa Focus mode da daddare a kan TikTok da Facebook da YouTube da Instagram tare, don kada ki rufe ɗaya ki faɗa ɗaya, ki kuma ba TikTok iyakar minti da rana. Kada ki taɓa WhatsApp da manhajar banki da kira. In tsoronki kwastoman da ke turo saƙo cikin dare ne, WhatsApp Business yana da saƙon da ke amsawa da kansa a lokacin da kika tsara, ya gaya musu za ki duba da safe. Atamfa ba ta lalacewa kafin gari ya waye. In kuma ƙararrawar asuba ce ke sa ki kwana da wayar a gefen filo, ƙaramar waya mai madannai za ta tashe ki, babbar ta kwana a falo.

Bayan makon ki duba lissafin da gaskiya. In dokar ta riƙe, ba ki da buƙatar ba wata manhaja izinin leƙa fuskar wayarki. In kuwa kin ga kina kashe ta kusan kullum, to ki sauke AppBlock, ki gyara saitin batir tun farko, ki gwada Strict Mode na awa ɗaya da rana don ki tabbata bai haɗa da abin sana'arki ba, sannan ki kira wadda kika amince da ita ta sa lambar. Lambar AppBlock kaɗai za ta riƙe, ta buɗe waya da ta banki suna wurinki.