Maɓallin tayar da mota a tsohuwar Fijo 504: akwati mai kati ko maɓalli da rile?

Duk mai riƙe da tsohuwar Peugeot 504 a Jos ya san ciwon makullinta. Tun 1968 aka fara ƙera motar nan a Faransa, a 1975 kuma kamfanin PAN ya fara harhaɗa Fijo a Kaduna, don haka ko ƙanwar waɗanda suka rage a titi ta kwana biyu. Bakin makulli ya siɗe, 'yan tagullan da ke bayansa sun ƙone, ka murɗa sai ka ji ƙas, kik bai juya ba. A nan ne mai wayarin yakan ce: "Alhaji, mu sa mata maɓalli irin na motocin zamani mana." Abin da yake nufi shi ne akwatin nan ƙirar Sin mai zuwa da kati, wanda ake nema a wajen masu kayan wuta na Dilimi.

A cikin kwalin akwai baƙin akwati da bai wuce tafin hannu ba, da maɓalli mai haske, da zoben da ke karanta kati, da kati biyu, sai damin wayoyi. Masu kaurin su ne na wutar batir, na rediyo, na wutar inji guda biyu, da na kik. Siraran kuma na birki ne da na jikin mota. Ka kara katin, dannawa ɗaya rediyo ya kama, ta biyu fitilun dashbod su kawo, in ka taka birki ka danna inji ya tashi. Idan aka haɗa shi da tsabta yana da kyan gani, kuma in babu kati kwayil, wato abin da ke ba fulogi tartsatsi, ba ya samun wuta, wanda hakan kan hana yaran gida da ƙananan ɓarayi taɓa motar. Ɓarawon da ya san 504 kuwa waya ɗaya zai ja daga batir zuwa kwayil, to kada a ɗora wa katin abin da ba zai iya ba.

Babban aibin akwatin shi ne ba don mota mai kafireta aka yi shi ba. An tsara shi ya juya kik na kimanin daƙiƙa ɗaya ya saki, domin motar zamani da hakan take tashi. Fijon da ta kwana a waje a Rayfield ko Bukuru cikin hunturun Disamba ko Janairu, a garin da ke tudun da ya kai mita 1,200, ba ta jin wannan yaren. Sai an ja cok, an taka totur sau biyu, an bar kik ya yi daƙiƙa huɗu ko biyar kafin famfon fetur ya cika kafireta. Da akwatin sai ka yi ta dannawa yana yankewa, kowace dannawa tana cin batir. Wasu samfuran suna ci gaba da juyawa muddin yatsa na kan maɓalli. Wanda ba ya yin haka kada a saya, kuma a sa mai shago ya nuna a takardar da ke cikin kwalin, ba da baki ba.

Sai maganar wuta. Silinod ɗin tsohon kik, wato suwic ɗin da ke jikinsa mai haɗa shi da batir, yakan fizgi amfiya 30 zuwa 40 a farkon kamawa, kafin ya sauka ƙasa da 10. 'Yan rilen da ke cikin akwatin, wato suwic ɗin da ƙaramar wuta ke kunnawa su wuce da babba, ƙanana ne, wayoyin ma sau da yawa roba ce ta yi musu ƙiba, tagullar ciki 'yar kaɗan. In aka kai wayar kik kai tsaye zuwa silinod, da sannu bakin rilen zai ƙone, ko dai ya daina kamawa, ko ya liƙe kik ya ci gaba da juyawa alhali inji na gudu, ya kakkarya haƙoran fulayawil. Dole a sa rile na waje a tsakani. Haka kuma idan batir ya yi rauni, wuta ta faɗi ƙasa da bolt 9 lokacin juyawa, ƙwaƙwalwar akwatin kan ɗauke ta dawo, sai ya mance ka nuna masa kati. Ga shi kullum a farke yake yana jiran katin. In ma miliamfiya 20 yake sha, a wata guda ya zuƙe sama da amfiya-awa 14 daga batir mai amfiya-awa 60, su kuwa irin waɗannan motoci sai Juma'a ko ranar biki ake fito da su.

Abin da ya fi haɗari, kuma masu wayarin da yawa ba sa faɗa, shi ne makullin sitiyari. A 504 in aka zare makulli, wani ƙarfe ne ke fitowa ya kulle sandar sitiyari da zarar an karya kan mota. Akwatin zai tayar da inji ko babu makulli a rami. Ka ɗauki hanya, ka zo kwanar farko, sitiyari ya ƙame a hannunka. Mafita biyu ce: ko a bar makulli a ciki a buɗe dindindin, wanda ya kashe rabin amfanin abin, ko a kwance gidan makullin a cire ƙarfen gaba ɗaya. Wasu kan yanke kan makulli su bar guntunsa a ciki, sai dai girgizar hanya kan iya mayar da shi. Wannan ba gyara ba ne.

Shi ya sa ga mota mai kafireta da giyar hannu, hanya ta biyu ta fi: a bar makulli yana buɗe wuta da sitiyari, a ɗauke masa aikin kik kawai, tunda shi ne ke ƙona shi. Kayan ba su da yawa. Maɓalli mai dawowa da kansa na milimita 19 ko 22, rile mai ƙafa huɗu na amfiya 40 da soket ɗinsa, fis na 30 da na 5, waya mai kaurin milimita murabba'i 4 kamar mita uku, da mai kaurin 1 kamar mita huɗu. A fara cire kan batir na jikin mota. Daga ɗaya kan batir ɗin a ja waya mai kauri ta fis na 30, wanda bai kamata ya wuce taƙi ɗaya daga batir ba, zuwa ƙafa ta 30 a rile. Ƙafa ta 87 ta tafi ƙaramin bakin silinod. Maɓalli ya sami wutarsa daga wayar da ba ta kawowa sai an buɗe makulli, ta fis na 5, ya miƙa wa ƙafa ta 86. Ƙafa ta 85 ta sauka jikin mota, a wurin da aka kankare fenti.

Kafin ta sauka ɗin, a ratsa ta ta wani ƙaramin suwic a fedar kuloci. Suwic ɗin birkin baya na babur, mai sifirin, yana yin wannan aikin sarai. Direbobin Jos sun saba barin mota a giya saboda gangara, maɓalli kuma kowane yaro na iya dannawa. In ba a taka kuloci ba kada kik ya motsa. Idan kuma motar tana da rizisto, mai rage ƙarfin wuta, a gaban kwayil, kuma tsohon makulli ne ke tsallake shi lokacin tayarwa, a ba wannan wayar nata rilen daban, in ba haka ba tartsatsin fulogi zai yi rauni daidai lokacin da ake buƙatarsa. Kada kuma a huda dashbod. Na asali wuyar samu gare shi yanzu, ramin abin kunna taba kuwa yakan karɓi maɓallin 22 ba tare da an taɓa komai ba.

A ma'aunin tsohuwar Fijo, akwatin kati bai wuce biyu cikin biyar ba, maɓalli da rile kuwa huɗu, kuma kuɗin kayansa bai kama ƙafar na akwatin ba. Ɗayan da aka rage masa shi ne har yanzu sai da makulli a aljihu, kuma in aka bar wuta a buɗe inji a kashe, kwantak da kwayil za su gasu kamar yadda suka saba.

Ko a Farin Gada za a yi aikin ko a ina, a sa mai wayarin ya fara ɗora mita. Batir da ya huta ya nuna bolt 12.6, kada ya faɗi ƙasa da 9.6 ana juyawa. In batir ya tsaya amma wutar da ke isa bakin silinod ta gaza sosai, laifin makulli ne da tsofaffin wayoyi, rile zai warkar. In wuta na isa cikakkiya kik ɗin na ta nishi, buroshinsa ne ya ƙare ko bushin ya buɗe, sai a sauke shi. Bayan an gama, a gwada sau uku kafin a biya: a danna maɓalli alhali makulli na rufe, a danna ba a taka kuloci ba, duka biyun kada a ji motsi, sannan a taka a danna. A nemi ya ɗaure wayoyin nesa da bututun salansa, kuma duk inda waya ta ratsa ƙarfe ya sa mata roba.