Ofishin da ya shirya mu kafin tafiya mastas Ingila: ajin ya yi, neman ɗakin kam a'a

Tun da na dawo Gombe mutane suke ta tambayata a WhatsApp wai ofishin nan da ke shirya wa ɗalibai aji kafin su tafi digiri na biyu a waje ya cancanci kuɗin da suke karɓa ko kuwa, toh na gaji da amsa wa mutum ɗaya ɗaya shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya gani. Ba zan kama sunansu ba saboda akwai inda zan yi ƙorafi. Ni dai a Jami'ar Jihar Gombe (GSU) na yi digirin farko, bayan bautar ƙasa na samu gurbi a Bradford ta Ingila na tafi a watan Satumban 2024, kuma abu biyu na biya a wajensu, ajin kwana uku da kuma su nemo mini ɗaki kafin in sauka.

Ajin nan wallahi ko sau biyu aka ce in biya zan biya. Wata baiwar Allah ce take koyarwa, Malama muke ce mata, ita ma can ta yi nata karatun, kuma ba ta da rufa-rufa ko kaɗan. Ranar farko lissafin kuɗi kawai muka yi a kan allo. A lokacinmu kuɗin biza fam 490 ne, kuɗin asibiti da ake biya tare da biza fam 776 a shekara, amma ta ce kar wanda ya lissafa shekara ɗaya domin bizar mastas tana ɗara shekara da 'yan watanni, don haka na shekara ɗaya da rabi za a caje ka, fam 1,164, kuma haka ɗin na biya ba ragi ba ƙari. Sai kuɗin zama da za ka nuna a banki, wanda makarantarshi ba a Landan take ba fam 1,023 duk wata har wata tara, wato fam 9,207, ban da ragowar kuɗin makaranta, kuma sai sun kwana 28 a jere a asusun ba su sauka ƙasa da adadin ba ko na yini ɗaya. Abin da ya fi amfanata shi ne da ta ce mu ɗora wani abu a sama, saboda da canjin ranar da ka tura takardar neman biza ake lissafi, in naira ta faɗi a tsakani sai ka tashi kuɗinka bai kai ba alhali ko kwabo ba ka taɓa ba. An ƙara kuɗin biza da kuɗin zaman tun daga 2025 fa, kar wani ya ɗauki nawa ya yi aiki da su, a duba shafin gwamnatinsu. Gwajin tarin fuka kuma a asibitin IOM, hukumar ƙaura ta duniya, na Abuja na yi, da motar Gombe Line na je na dawo.

Akwai wani magidanci a ajinmu da ya zo da niyyar tafiya da iyalinshi, Malama ta gaya mishi a gaban kowa cewa tun Janairun 2024 mai mastas na zaman aji ba ya tafiya da mata ko yara, sai mai digiri na bincike ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinshi. Ranshi ya ɓaci sosai, amma ni a nan na fara yarda da su, don wani wajen da sai sun karɓe kuɗinshi tukun ya ji.

Rana ta biyu maganar kaya. Hajiyata ta riga ta ba da aikin kilishi da dambun nama har da man shanu a gora, sai Malama ta ce duk wani nama ko abin da aka yi da madara ba a shiga da shi Birtaniya daga Najeriya, a filin jirgi za a karɓe. Da na koma gida na faɗa, Hajiya ta ce "Auta, to me za ka ci a can?" sai muka koma babbar kasuwa aka haɗo kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa da yaji, kuma su suka riƙe ni wata da watanni. Ta ce rigar sanyi ɗaya ta gwanjo ta isa ta sauka, ta gaske a can za ka saya, soket ɗinsu kuma irin namu ne mai baki uku ba sai ka nemi wani abu ba.

Ta kuma ba mu takarda ɗaya ta abin da za mu yi a satin farko, har yanzu tana cikin jakata. Karɓo wasiƙar makaranta a buɗe asusun banki, yin rajista da likitan unguwa wanda suke ce wa GP tun kana da lafiya ba sai ciwo ya zo ba, neman lambar inshorar ƙasa saboda aiki, da miƙa shaidar cewa kai ɗalibi ne don a ɗauke maka harajin kansil. Mu katin BRP, wato katin shaidar izinin zama, aka ba mu wanda ya ƙare 31 ga Disamba 2024 aka koma bizar intanet, yanzu lamba kake cirowa a shafinsu ka ba mai gida ko mai aiki ya duba. Maganar aiki kuwa ta nanata ta har sai da muka haddace, awa 20 a sati lokacin karatu, satin daga Litinin zuwa Lahadi, ba a cewa na yi 10 wancan satin bari in yi 30 wannan, kuma ɗalibi ba ya aikin cin gashin kanshi, don haka masu cewa ka ari asusun wani ka riƙa kai abinci gida gida bizarka suke so su kashe maka.

Yanzu inda suka ba ni haushi. Ɗakin da suka ce sun nemo mini, hoton da aka turo mini a Gombe daban, abin da na tarar daban. Bango duk danshi har ya yi baƙi a kusurwa, hita ba ta aiki a ɗakina, sai na hau bas biyu kafin in kai makaranta alhali an ce mini tafiyar ƙafa ce, ga mai gidan ya karɓi kuɗin ajiya na wata biyu ba wata takardar yarjejeniya. Na sauka da daddare a gajiye ban san kowa ba, ina zan je? Haka na zauna sati shida ina tari. Sai da na je ofishin ba da shawara na ƙungiyar ɗalibai, kyauta ne ma, suka gaya mini a Ingila doka ba ta yarda kuɗin ajiya ya wuce hayar sati biyar ba, kuma dole mai gida ya saka shi a asusun kariya da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30. Su suka taya ni rubuta wasiƙa har kuɗina suka fito. Da na kira ogan ofishin na Gombe cewa ya yi "Alhaji ka yi haƙuri, ai ba mu ne masu gidan ba", alhali kuɗin nemo gidan su na ba. Ko sisi ba su mayar ba, kuma abin da ya fi ci mini rai wannan doka ta sati biyar ba a koya mana ita a aji ba, ita da ta fi shafar abin da suke sayarwa.

Sannan ɓangaren karatun kanshi sun yi mishi gajeren bayani. Ba wanda ya gaya mana yadda makin mastas yake a can, na samu 62 a aikina na farko na kwana cikin damuwa ashe maki ne mai kyau. Ba a zauna an nuna mana yadda ake ambaton inda ka ɗauko magana ba, alhali duk aikin da ka miƙa sai ya bi ta Turnitin, manhajar da ke gano satar rubutu, kuma abin da muka saba yi a gida na kwaso sakin layi a gyara kalma biyu a can babban laifi ne da zai iya kai ka gaban kwamiti. In aiki ya fi ƙarfinka ko ba ka da lafiya ana neman ƙarin lokaci, amma kafin ranar miƙawa ake nema ba bayanta ba, wannan ma a bakin wani ɗan Bauchi da ya riga ni zuwa na ji.

Sanyi kam sun faɗa, duhun ne ba su faɗa ba. A Disamba kafin ƙarfe 4 na yamma an yi magariba, azahar da la'asar da magariba duk suna faɗowa cikin lokacin lakca, sai ka san inda ɗakin salla na makaranta yake tun satin farko. Lahadin ƙarshe na Oktoba suna mayar da agogo baya da awa ɗaya sai Najeriya ta riga su, in za ka kira gida ka lissafa. Kaɗaici a watannin nan ba wasa ba ne, ka fita da duhu ka dawo da duhu ba mai ce maka sannu da zuwa, ni masallacin unguwa da 'yan Arewa da muke haɗuwa ranar Asabar mu tuƙa tuwo su suka taimake ni, kuma Bradford alhamdulillahi masallatai da naman halal ba ka wahalar su. Likita ma ya ce in riƙa shan bitamin D saboda ƙarancin rana.

Ƙanwar matar yayana za ta tafi a Janairu, ni da kaina na biya mata kuɗin ajin na ce ta zauna gaba ta rubuta duk abin da Malama ta faɗa. Ɗaki kuwa na hana ta ba su ko naira ɗaya, mun kama mata na makaranta na zangon farko, in ta sauka ta huta ta zaga da ƙafarta ta ga gida da idonta, ta taɓa hita ta ji ɗumi, ta karanta yarjejeniya, sannan ta biya.