Wasiƙa daga Landan: Gem a Falo da Maganar Aron Wasanni

Zuwa ga ƙanena a Birnin Kebbi,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, kai da Inna da sauran mutanen gida, saƙonka ya iso. Ka yi mini tambaya biyu: ko ya kamata ka sayar da PlayStation biyu daga cikin na shagonka na Badariya ka sa kwamfuta a gurbinsu, da kuma ko zan iya saka ka a asusuna domin ka riƙa buga wasannin da na saya a nan kyauta, kamar yadda ka ji ana yi. Na ga ya fi dacewa in amsa maka a fili, domin na san ba kai kaɗai ba ne mai gidan gem da wannan tunani ya taɓa zo masa.

Abin da ka ji, cewa ana haɗa kwamfuta da talabijin a buga gem a falo, gaskiya ne. Tawa tana ƙarƙashin talabijin, wayar HDMI guda ce ta haɗa su, kuma yawancin wasannina a Steam na saye su, wato shagon intanet na kamfanin Valve na Amurka wanda aka buɗe a 2003. Tun 2012 suka fito da wani tsari mai suna Big Picture, wanda ke ƙara wa rubutu da hotuna girma yadda mutum zai zaɓi wasa daga kan kujera da fad, wato abin sarrafa wasa, a hannunsa, ba sai ya matso kusa ba. A 2015 ma sun fito da nasu akwatin na falo da nasu fad ɗin, amma kasuwa ba ta karɓe su ba, har aka daina ƙera wancan fad a 2019. Sai da Steam Deck ta riƙewa a hannu ta fito a 2022 sannan suka dace.

Sai dai abin da ke riƙe da wannan jin daɗi ba ya cikin akwatin kwamfutar. Wuta ce da intanet. A nan kuɗin intanet na gida wata-wata ake biya, ba a ƙirga maka abin da ka sha, saboda haka wasan da ya haura gigabait 100, wanda yanzu ba abin mamaki ba ne a manyan wasanni, sai in bar shi yana sauka in je in kwanta. Kai kuwa da kake sayen data da awo, lissafa abin da gigabait 100 zai ci maka, sannan ka tuna cewa bayan 'yan makonni wasan zai nemi sabuntawa. Kwamfutar gem mai ƙarfi takan fi PlayStation 5 jan wuta, ba ta da batir, in aka ɗauke wuta kafin ka tayar da janareto ta mutu nan take. Ƙara da zafin bazara na Kebbi da ƙurar hunturu da ke toshe fankokinta, za ka ga cewa dokin da ya yi kyau a wannan barga ba lalle ya yi a waccan ba.

Batun fad da kibod kuwa, mutanen nan suna musu a kansa kamar yadda ake musun Real Madrid da Barcelona a majalisar ƙofar gidanmu. Masu kibod da maus suna da hujja. A wasan harbi, maus ya fi saiti nesa ba kusa ba, domin hannu gaba ɗaya ke aiki ba babban yatsa kaɗai ba, shi ya sa masu ƙera wasanni suke ɗan taimaka wa mai fad da saiti ta ƙarƙashin ƙasa, abin da ke ƙona wa masu maus rai. Haka nan wasannin dabara irin su Civilization da Football Manager, masu cike da ƙananan rubutu da jerin sunaye, da maus aka fi jin daɗinsu. Amma madannin kibod abu biyu kawai ya sani, ko an danna ko ba a danna ba, alhali analog ɗin fad, wato ɗan sandan da ake turawa da babban yatsa, yana gane ɗan turawa da turawa sosai, shi ya sa a ƙwallo da tseren mota fad ne sarki.

Na taɓa gwada kibod a kan kujerar falo. Na ɗauko tiren shayi na kife a cinya, na ɗora kibod a kai, maus kuma a hannun kujera. Kafin minti ashirin wuyana ya ƙage, maus ya faɗi ƙasa sau biyu, uwargida kuma ta leƙo daga kicin ta ce, "Abban yara, in ka gama da tiren nan ina jiran sa." Daga ranar na mayar da kibod tebur. Abin da na lura da shi tun daga lokacin shi ne, kibod na mutum ɗaya ne da ya ba ɗaki baya, fad kuwa ana miƙa shi. Ranar Asabar idan maƙwabcina ɗan Sudan ya shigo da yaransa, wanda aka ci shi ke miƙa wa na gaba, kamar dai yadda ake yi a shagonka, sai dai a nan ba mai ƙirga minti. Kuma wanda ke shigowa wurinka da kuɗin wasa ɗaya a aljihu, FIFA ya zo bugawa da abokinsa, ko da yake tun 2023 sunan ya koma EA Sports FC, ba ya zo ya koyi inda W da A da S da D, madannan tafiya a kibod, suke ba.

Yanzu ga tambayarka ta biyu, wadda ita ce ta sa ni zama rubutu. Ka tuna lokacin PlayStation 2, yadda faifai ɗaya yake zagaye unguwa, daga gidanmu zuwa gidan Kawu, ya kwana biyu a Nassarawa, ya dawo duk ya sha karce amma yana yi. Ba wanda muka nemi izininsa. A nan wannan zamanin ya kusa wucewa, domin kwamfutocin yanzu da yawa ba su da ma wurin sa faifai, kuma abin da kake biya wa kuɗi izinin amfani ne, ba wasan kansa ba. Tun 2024 Steam ke rubuta hakan ɓaro-ɓaro a wurin biyan kuɗi, bayan da jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta tilasta wa masu sayar da irin waɗannan kaya su bayyana wa mai saye gaskiyar abin da ya saya.

Aro yana nan, amma da ƙa'ida. Tsohon tsarin, wanda aka sanar a 2013, idan mai asusu ya kunna kowane wasa, sai wanda ya ara ya sauka bayan 'yan mintoci. Sabon, Steam Families, wanda aka buɗe wa kowa a Satumbar 2024, ya fi sauƙi: mutum shida ke haɗa wasanninsu wuri ɗaya, kowa da asusunsa da inda ya tsaya a wasa, kuma ni da 'yata muna iya buga wasanni daban-daban a lokaci guda. Amma in wasa ɗaya muke so mu biyu, sai an saya sau biyu. Wasu wasannin masu su sun hana a ba da aronsu. Wanda ya fita daga iyali sai ya jira shekara guda daga ranar da ya shiga kafin ya shiga wani. Idan kuma wanda ka ara wa ya yi maguɗi a wasanka aka kama shi, hukuncin har kai mai kaya yana iya shafa. Mafi muhimmanci gare ka, an tsara abin ne domin mutanen da ke zaune a gida ɗaya, ba domin wa a Landan da ƙane a Kebbi ba, kuma domin amfanin kai ne, ba na kasuwanci ba. Masu shaguna suna da nasu tsarin dabam. Mutum shida ma, a gidanmu ko 'yan ɗakin Inna ba su ƙare ba.

Akwai abin da ya fi wannan tsaya mini a rai. Ƙa'idar asusun ta ce ba a sayar da shi, ba a mayar da shi ga wani. Ke nan wasannin da na tara shekara da shekaru ba kaya ba ne da za a baje ranar rabon gado, alhali tsohuwar PlayStation ɗinka da faifanta, komai tsufansu, dukiya ce da za ka iya sayarwa gobe a kasuwa. Ba zan ɓoye alherin tsarin ba: ana karya farashi sosai a gwanjon bazara da na ƙarshen shekara, kuma in ka sayi wasa bai yi maka ba, matuƙar ba ka buga shi ya kai awa 2 ba kuma ba a wuce kwana 14 ba, ana mayar maka da kuɗinka, abin da ban taɓa ganin mai faifai ya yi ba. Akwai kuma shagon GOG na ƙasar Folan, wanda ke ba ka wasa ka ajiye a rumbun kwamfutarka ka girka ba tare da intanet ba. In har wata rana ka sayi kwamfuta don kanka, nan za ka fara dubawa.

Saboda haka shawarata ita ce kada ka sayar da na'urorinka. Kuɗin da ka ware, ka zuba shi a batir da inbata da fanka mai kyau. Na saya maka fad huɗu na asali, tare da dogayen wayoyin caji domin yara su riƙa bugawa a jone, kada caji ya ƙare ana tsakiyar bugun fenareti rigima ta tashi. Zan ba wani ɗan Argungu da zai zo gida da Sallah ya kawo maka. Waɗanda analog ɗinsu ya fara ja gefe kuma kada ka zubar, ka kai wa mai gyaran waya ya buɗe ya share ƙurar tukuna, sau da yawa ita ce kawai matsalar.

Ka gaishe mini da Inna, ka ce mata saƙonta yana cikin jakar.

Naka,
Yayanka.