Corolla, Accord, 406 ko Benz: wacce za ta yi maka sallama a Katsina?

Ƙanina ya samu ƙarin girma a wurin aiki, ya haɗa 'yan kuɗinsa, ya same ni a ƙofar gida bayan Magariba. "Yaya, mota nake son saye, amma ba irin wadda kowa ke hawa ba." Ban ga laifinsa ba. A garin nan mota takan riga mai ita yin sallama. Je ka ɗaurin aure a Ƙofar Soro ko Ƙofar Ƙaura ka tsaya gefe, tun mutum bai buɗe ƙofa ba an gama karanta shi: wannan ma'aikaci ne, wannan ɗan kasuwa, wancan yaron 'yan siyasa. Haka iyayenmu suke da doki, ranar hawan Sallah kwalliya ce ke faɗin gidan da ya fito. Sai dai doki da ciyawa yake tafiya, shi ya sa na ce masa mu auna abu biyu tare: abin da motar za ta faɗa a kansa, da abin da za ta ci a aljihunsa.

Corolla muka fara taɓawa, ƙirar 2003 zuwa 2008 mai injin 1.8. Ita ce motar mai lissafi. Wanda ya fito daga cikinta ana kallonsa a matsayin mutum mai natsuwa, wanda bai zo nuna kansa ba. Ba ta shan mai, kuma tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 wannan ya zama babbar magana. Babu bakaniken da bai san cikinta ba, in ka tashi sayarwa ba ta kwana a hannu. Aibinta shi ne wanda ƙanina ya gudu: a kowane layi akwai ta. Ga mai wannan damuwa akwai Pontiac Vibe, wadda injinta na Toyota ne, 'yar'uwar Toyota Matrix ce aka sauya wa riga. Ta fi Corolla tsayi, bayanta na ɗaukar buhu, kuma kayan injinta ba sa wahala, ko da yake fitila da kayan bodi sai an nema.

Honda Accord ita ce budurwar samari, kuma gaskiya tana da kyau. Ta 2003 da ake kira End of Discussion, da ƙanwarta Discussion Continues, da ta 2008 mai faɗin ƙirji, duk in an wanke su an shafa mai a taya sai ka waiwaya. Tana da gudu, cikinta da daɗin zama. Amma maganar da ake yi cewa tana cire ƙafa ba sharri ba ne. Da idona na ga wata a hanyar Daura kusa da Mashi, tayar gaba ta kwanta ta shige ƙarƙashi, mai ita na tsaye da babbar riga yana ta waya. Ƙarfen da ke riƙe ƙafar ne ke cinyewa, a ƙi dubawa, ko a sa na jabu don sauƙi. Wanda zai riƙa kai ta a duba ƙafa a kan kari ya kuma sayi kaya mai kyau zai ji daɗinta. Wanda gidansa ke lungu mai kwari ya tuna tana da ƙasa, damina za ta gwada shi. Camry ta 2007 da ake ce wa Muscle ta fi ta kamala a idon manya, sai dai mai injin 2.4 an san ta da shan baƙin mai, a duba sandar gwada mai da hayaƙin salansa kafin a yi ciniki.

Ni dai zuciyata na wajen Fijo 406, ba zan ɓoye ba. Tun da kamfanin PAN ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, Fijo ta zama motar gwamnati da dattawan Arewa, daga 504 har zuwa 406. Har yau in ta tsaya a ƙofar gida, dattijo ake sa ran gani. A kan kwalta tana kwanciya, ka kama hanyar Kano ba za ka ji gajiya ba. Sharaɗinta ɗaya ne: bakanikenta daban. Ka kai wa wanda bai san ta ba ya taɓa wayoyinta, kai da zaman gareji kun ƙulla. Kuma mai lafiya ta yi wuya yanzu, yawancinsu haya ta gaji da su.

Benz kuwa, C-Class ko GLK, tana ɗaga murya. Ga wanda aka san sana'arsa girma ce. Ga saurayin da ba a san shagonsa ba, tambaya take jawowa, a unguwa da shingen hanya, har a gidan surukai. Kayanta ma ba na mai jiran albashi ba ne. Hilux kuma, a halin tsaron da muke ciki, ana yi mata kallon motar hukuma, ban ba mai yawan bin hanyoyin ƙauye shawarar ta ba.

Duk wadda ka zaɓa, takarda kafin fenti. Tun Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka in dillali ya kawo maka mota fes a farashin da ya yi araha da yawa, nemi takardun kwastam, ka gwada lambar shasi da wadda ke jikin motar. Je da naka bakaniken, da safe, injin na sanyi. Baƙin gilashi sai da izinin 'yan sanda. Launi ma a duba: baƙar mota da hunturu sai wanki kullum, da bazara kuma tanda ce.

Ƙanina ya yi mako uku yana jan ƙafa tsakanin Accord da Vibe. Ranar Juma'ar da ta wuce ya shigo da Vibe ruwan toka, 'yar gida amma takardunta cikakku. Inna ta fito ta zagaya ta, ta leƙa baya ta ce, "Wannan za ta ɗauki geron Mani." Ta sa albarka, ya ɗauke ta suka tafi gaisuwa Ƙofar Marusa.